Karatun da ƴan kasuwa ke rainawa, alhali su ya fi yi wa amfani

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu ƴan kasuwa da uwayenmu masu tebur da masu awo, yau maganar karatun yara na kawo muku. Kowace shekara da zarar sakamakon bak ya fito, magana ɗaya ce ke yawo daga Tajaye zuwa Illela, daga Malbaza zuwa Birnin Konni: me yaro zai karanta? In ya ce likita, a yi guɗa. In ya ce zai nemi shiga duwan, uba ya ce Allah ya yi albarka, har ya fara lissafi a zuci. Amma ranar da yaro ya ce shi ilimin zaman jama'a yake so, wanda ƴan lakwal ke cewa sosiyoloji, ko kuwa yana so ya karanci halayyar ma'aikata a wurin aiki ya zama malamin jami'a mai bincike, to sai gida ya yi tsit. Tambayar da uba ke yi ita ce: “In ka gama, me za ka sayar?” Tambaya ce ta mai hankali, domin wanda ya tara kuɗinsa dala-dala a rana yana da haƙƙin ya san inda za su shiga. Ni dai ra'ayina shi ne a bar yaron ya tafi, a kuma tallafa masa, kuma zan faɗi dalili.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Kowane buro na ƙasar nan dokoki biyu gare shi. Akwai dokar takarda, wadda aka manna a bango ko aka karanta a rediyo. Akwai kuma dokar fili, wadda ba a rubuta ba amma ita ke aiki. Takarda ta ce a buɗe buro da safe, fili ya san ƙarfe nawa mai sa hannu ke zuwa. Takarda ta ce ga kuɗin da mota za ta biya, direban da ya ɗauko albasa daga Galmi kuwa ya san a wane shinge ake miƙa na goro, nawa ne, kuma wa ake miƙa wa, shi ko karen mota. Matar da ta kai yaro asibiti ta san in tana da ƴar uwa cikin ma'aikata layinta daban ne. Babu wanda ya koya mana wannan a aji, amma duk mun haddace shi. To, wannan dokar ta fili ita ce abin da masu wannan karatu ke bi diddigi: daga ina ta fito, wa take ciyarwa, wa take cuta, me ya sa ma'aikaci mai kirki ma yakan bi ta, kuma ta wace ƙofa za a iya gyara ta.

Karatun ba yau aka fara shi ba. Tsakanin 1924 da 1932 an yi wani dogon bincike a wata masana'antar kayan tarho ta kamfanin Western Electric da ake kira Hawthorne, kusa da birnin Shikago na Amurka. A wani sashe na binciken an sa ido kan ma'aikata 14 masu haɗa wayoyi, waɗanda kamfani ya tsara musu biya yadda in aiki ya ƙaru kuɗi su ƙaru. Bisa lissafin manya, kowa zai dage. Sai aka tarar su ma'aikatan sun tsayar wa kansu iyakar aikin yini, wanda ya wuce ta su yi masa ba'a har ya dawo layi, domin suna tsoron in sun nuna za su iya fiye da haka a ɗaga musu ma'auni ko a rage mutane. Duk mai sayar da hatsi da ya taɓa karya farashi shi kaɗai a layi ya san irin kallon da ake yi masa. Daga irin wannan aiki ne aka gane cewa ba umarnin shugaba kaɗai ke tafiyar da ma'aikata ba, kuma aka mayar da abin fanni guda da ake koyarwa a jami'a.

A nan gida ma muna da masu wannan aiki, sai dai kasuwa ba ta san su ba. A 2001 aka kafa wata cibiyar bincike a Yamai mai suna LASDEL, daga baya ta buɗe reshe a Paraku ta ƙasar Benin. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mahaman Tijani Alu, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Abdu Mumuni, da Jean-Pierre Olivier de Sardan, Bafaranshen da ya fara bincike a yankin Zabarmawa tun shekarun 1960, har ya karɓi takardar zama ɗan Nijar. Yadda suke aiki shi ne abin lura. Ba su zama buro su aika takarda a cike. Mutum zai je ya tare a asibiti ko kotu ko tasha, makonni yana kallo, yana hira da babba da ƙarami, mai gadi da mai shara da mai sa hannu, abin da wannan ya faɗa ya gwada shi da abin da wancan ya faɗa, sa'an nan ya gwada duka da abin da idonsa ya gani.

Da wannan hanya suka binciki cin hanci na yau da kullum a ƙasashe uku, Nijar da Benin da Senegal, a kotuna da asibitoci da hanyoyin mota da duwan da wajen ba da kwangila, littafin ya fito da Faransanci a 2007. Wanda ya riƙe ɓangaren hanya da duwan, Nasiru Bako Arifari, daga baya ya zama ministan harkokin wajen Benin. Kafin wannan, a 2003, an fitar da wani littafin kan yadda ma'aikatan lafiya ke karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da suka rubuta, uwayenmu za su ce ai mun sani: tsawa, wulaƙanci, fifita wanda aka sani a kan wanda ba a sani ba.

Nan ne ma wani zai ce: to in mun sani, me amfanin a rubuta? Amfanin babba ne. In Hajiya mai sayar da atamfa ta ce an wulaƙanta ta a asibiti, za a ce faɗa gare ta. In direba ya ce an tatse shi a hanya, za a ce takardunsa ne ba su cika ba. Kuka ɗaya-ɗaya ba shi da nauyi, iska ke ɗauke shi. Amma in wani ya zauna ya tattara irin wannan daga bakin mutane masu yawa, a wurare daban-daban, ya nuna abu ɗaya ne ke maimaituwa, to magana ta tashi daga ƙorafi ta koma hujja, kuma hujja ana iya ajiye ta gaban minista. Sa'an nan mai bincike yana ganin abin da mu masu fushi ba mu gani. Mu muna ganin ungozomar da ta yi tsawa. Shi yana ganin ita kaɗai ce a kan aiki tun jiya, babu safar hannu, rabin masu taya ta ƴan sa-kai ne da ba su da albashi sai abin da suka samu a hannun jama'a, kuma wadda ta yi laifi ba a iya hukunta ta domin akwai babba a bayanta. Wanda bai san wannan ba zai ce a kori ungozomar, a kawo wata, wata shida ta koma kamar ta farko.

Misalin da ya fi taɓa mata shi ne maganin kyauta. A 2005 gwamnati ta ce tiyatar ciro jariri ta zama kyauta, a 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Kowa ya yi murna, kuma gaskiya mata sun ƙara kai yara asibiti. Tsarin shi ne asibiti ya yi magani, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya. Masu binciken LASDEL suka bi abin mataki-mataki, suka nuna biyan ba ya zuwa kan lokaci, bashi ya taru, asibitocin karkara suka kasa sayen sabon magani, sai aka koma rubuta wa uwa takarda ta je farmasi ta saya da kuɗinta. Uwa tana zargin malamin asibiti ya ɓoye magani, alhali ramin yana can sama. Littafin da ya haɗa wannan bincike da na Mali da Burkina Faso ya fito a 2014.

Haka kuma da aka shigo da rabon tsabar kuɗi ga gidajen da aka ce sun fi talauci, suka shiga ƙauyuka suka duba. Masu ba da kuɗin suna can da tabbacin cewa matar da aka rubuta sunanta ita ke riƙe su. A fili kuwa, wani wuri da motar masu rabo ta juya baya sai a tattara kuɗin a sake raba wa gari duka, wani wuri mata ta miƙa wa maigida, domin mutane ba su ga dalilin da za a ba wannan a hana maƙwabcinsa ba alhali tukunyarsu iri ɗaya ce. Ni ban ga laifin ƙauye a nan ba. Wanda ya zana tsarin ne bai tambayi kowa ba.

Ita kanta kasuwa an daɗe ana karanta ta, kuma wannan ne ke ɗan sosa mini rai. A 1969 wani masani mai suna Abner Cohen ya fitar da littafi kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ke tafiya a hannun masu gida da dillalai, yadda ake ba mahauci shanu bashi ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su dawo, domin wanda ya ci amana sau ɗaya ya rufe wa kansa kasuwa. Polly Hill, wata Baturiyar Ingila, ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa matan kulle da ake ɗauka ba su aikin komai suna riƙe da wata babbar kasuwa a cikin gidaje, hatsi da mai da abinci, yara na kai da kawowa. A 1986 Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin Alhaji yana ga yawan barorinsa da yaransa da ke tsaye masa a garuruwa, abin da muke cewa arzikin mutane. Waɗannan littattafai har yau ana karanta su a jami'o'in duniya. Mutanen sun yi aiki mai kyau, ba na hassada. Amma ku duba sunayen. Kakanninmu suka ba da labari, wasu suka zama farfesa da shi, jikokin masu labarin kuwa ana ce musu karatun banza ne.

Ba wai ba mu taɓa yin namu ba. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara, littafin ya fito a 1975, kuma yau jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Ita wannan jami'a an kafa ta a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma tana da sashen shari'a da tattalin arziki da sarrafa ma'aikatu. Wato yaron Tajaye ko Badagishiri da ke son ya san yadda ake tafiyar da kamfani ko ma'aikata ba dole sai ya fara da Yamai ba, yana iya somawa kusa da gida, inda buhun hatsin uwarsa zai riƙa isa gare shi.

Yanzu bari in faɗi ɗacin abin, kada wani ya ce ɗan rediyo ya yi masa daɗin baki. Hanyar doguwa ce. Bayan bak, shekara 3 ta lisans, 2 ta masta, aƙalla 3 ta dokta. Takwas ke nan a takarda, kuma mun riga mun ce takarda daban fili daban: ga yajin aikin malamai, ga na ɗalibai, ga kuɗin tallafin ɗalibai da kan makara, shekarar karatu ɗaya ta shiga cikin wata. Wanda ya samu dokta ma bai iso ba. Sai jami'a ta buɗe gurbi ta ɗauke shi a matakin ƙasa, daga nan kowane hawa sai ya rubuta bincike an buga, takardunsa su je gaban hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, malamai na wasu ƙasashe su auna su kafin a ce ya cancanta. Kafin a kira shi farfesa furfura ta fito. Sa'ansa da ya bar lakwal ya kama kabu-kabu ko canji a bakin iyaka ya yi aure ya gina gida tun shi yana haya. Uban da zai sa ɗansa wannan hanya ya sani shuka dabino ce, ba gero ba.

Akwai kuma wani rami da da yawa ke faɗawa. Ƙungiyoyin agaji da masu furoje suna biyan kuɗi mai kauri ga wanda zai rubuta musu rahoto cikin mako biyu ko uku. Malamin jami'a mai iyali, ga albashi ga wannan, ba sai an faɗa muku inda zai karkata ba. Shi Olivier de Sardan ya yi rubutu a kan wannan ciwo, yadda aikin rahoton haya ke cinye lokacin bincike na gaskiya. Mai rahoton haya tambayar mai kuɗi yake amsawa, kuma yakan san amsar da ake so tun kafin ya tashi daga Yamai. Su ne kuke gani, ƴan anket, su sauka daga farar mota da rana tsaka lokacin da ciniki ya buɗe, su tambaye ki kaji nawa gare ki, sau nawa kuka ci abinci jiya, su tafi, ba ki sake jin ɗuriyarsu. Ke ma kin iya da su: kin san in kin ce kina da awaki biyar ba za a rubuta ki ba, sai ki ce babu. Shi ya rubuta ƙarya, ke kin faɗi ƙarya, aka kai Yamai aka yi tsari a kanta. Saboda haka in ƴan kasuwa sun raina wannan karatu, suna da hujja, domin mafi yawan abin da suka gani da ido ke nan.

Amma maganin wannan shi ne a samu mai tambaya wanda ba a iya yi wa wannan wasa. Yarinyar da ta tashi tana ƙirga wa uwarta kuɗin adashe, ta san wace ce ke ɗauka farko da dalilin da ya sa, ba za a gaya mata babu awaki ba alhali ta ji kukansu a bayan darni. Yaron da ya yi dako a tashar albasa ya san bambancin buhun da manomi ya cika da wanda aka ɗora wa hula. Abin da baƙo zai shekara biyu yana koyo da tafinta, su da shi suka tashi. Abin da ya rage musu shi ne horo: yadda ake tambaya ba tare da an sa wa mutum magana a baki ba, yadda ake jin ɓangare biyu, da yadda mutum zai rubuta abin da ya gani ko da ya taɓa danginsa. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya ga ɗan gida, kuma shi ya sa ake daɗewa a jami'a.

Ina so uwayenmu su ji wannan da kyau, domin ƴan mata aka fi tsayarwa a hanya. Marigayiya Hadiza Musa, ƴar ƙasar nan ce kuma mai bincike a LASDEL, ta yi dokta, ta fitar da littafi a 2012 kan matan Yamai da sha'anin haihuwa, waɗanda ke nema ba su samu ba da waɗanda ke son hutawa ba su da bakin faɗa. Wane namiji ne, ɗan gida ko baƙo, mata za su buɗe wa ciki a kan irin wannan? Akwai ɗakunan da sai mace ke shiga, kuma rabin kasuwar ƙasar nan a cikin waɗannan ɗakuna take.

Laifin masu binciken da ba zan rufe ba shi ne harshe. Rahotannin LASDEL sun haura 100, suna nan a intanet kyauta, amma da Faransanci, kuma Faransancin manya. Matar da aka yi hira da ita awa biyu ba za ta taɓa jin abin da aka yi da maganarta ba. Mu ƴan rediyo ma muna da rabonmu a nan: ga tashoshi a kowane gari, me zai hana a gayyato mai bincike ya zauna ya faɗi abin da ya gano da Hausa, a buɗe waya a yi masa gardama? Kuma ku ma, duk wanda ya zo da takarda zai yi muku tambayoyi, kuna da damar ku fara tambayarsa: wa ya aiko ka, me za a yi da amsar, yaushe za ka dawo ka gaya mana abin da ka samu? Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Shawarar da na fi so a tattauna a ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuwa ita ce su zama su ne masu aiko da mai tambaya. Wanda ya biya shi ke zaɓen tambaya, mun gani. To ƙungiyar masu albasa, ko ta masu motoci, ko matan adashe na unguwa guda, me zai hana su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya na masta, kuɗin mota da abinci da buga takarda, bisa sharaɗin ya binciki abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ya kuma dawo ya karanta musu da Hausa? Ba zai kai kuɗin da ake kashewa a buki ɗaya ba. Tambayoyin ma suna nan jibge. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kowa a Konni yana da labarin wanda ya karye da wanda ya yi kuɗi a lokacin, amma labari ne na bakin shago. Su wa suka rasa jari, kashi nawa cikinsu mata ne, wace hanya kaya suka koma bi, kuma nawa aka riƙa biya a kanta? Kuɗin tikitin da ake karɓa kowace ranar kasuwa, tun da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, nawa ke isa asusun magajin gari, nawa ke tsayawa a hanya, kuma me aka gina da wanda ya isa? Albasar da ake zubawa a rudu a jira tsada, nawa ke ruɓewa kafin a buɗe, kuma tsakanin manomi da dillali da mai mota, wa ke ɗaukar asarar?